Allon Ɗan Takara da Dokar Gari: Iyakar da Kotunan Amurka Suka Shata wa Ƙananan Hukumomi

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda dokokin kafa alluna na garuruwan Amurka suke hawa kan allunan 'yan takara da fostocinsu. Ta bi manyan hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin ƙasar daga 1981 zuwa 2022, ta kuma fi daɗewa a kan shari'ar garin Gilbert ta 2015. Matsayin takardar shi ne hukuma tana da iko a kan girman allo, da wurin kafa shi, da haskensa, amma duk ranar da ta ware allon siyasa ta yi masa doka tasa shi kaɗai, ko da tsaftar gari ce manufarta, ta shiga hurumin da ba nata ba. Daga nan aka auna wannan matsayi da halin da ake ciki a Nijeriya, inda kundin tsarin mulkin 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da tallace-tallacen waje.

1.0 Gabatarwa



Idan zaɓe ya ƙarato a Amurka, abu na farko da baƙo zai lura da shi a unguwanni shi ne ƙananan allunan roba masu ƙafafun waya, an soke su a ciyawar ƙofar gida, kowanne ɗauke da sunan wanda maigidan yake goyon baya. Hukumar zaɓe ta tarayya ba ta da ta cewa a kan inda za a soke su. Majalisar gari ce take rubuta dokar, kamar yadda take rubuta ta allon mai gidan abinci da na dillalin gidaje. Hujjojinta biyu ne a ko'ina: kada allo ya tare wa direba gani a mararraba, kuma kada gari ya koma juji. Babu mai hankalin da zai raina waɗannan hujjoji.

Matsalar tana wani wuri dabam. Kansilolin da suke rubuta dokar su ma 'yan siyasa ne, kuma sunan da ke kan allon sau da yawa na wanda yake neman kujerarsu ne. Mai riƙe da muƙami kowa ya san sunansa, ba ya buƙatar allo. Sabon shiga wanda ba shi da kuɗin talabijin, shi ne allo yake yi wa rana. Saboda haka kowace doka da ta rage alluna, komai kyan niyyar marubutanta, ta fi yi wa mai ci amfani. Bahaushe ya ce ba a ba kura ajiyar nama, kuma wannan fargabar ce take ƙarƙashin duk shari'o'in da zan kawo.

Gyara na Farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya hana majalisar tarayya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Bayan Gyara na Sha Huɗu na 1868, kotu ta faɗaɗa wannan hani a hankali, tun daga 1925, har ya hau kan jihohi da garuruwan da ke ƙarƙashinsu. Shi ya sa mutum zai iya kai ƙaramin gari ƙara a kotun tarayya a kan allon da bai wuce faɗin takardar rubutu ba.

2.0 Falwayar gwamnati

A 1981, a shari'ar kamfanin Metromedia da birnin San Diego, Kotun Ƙoli ta yarda cewa birni zai iya hana manyan allunan talla saboda tsaro da kyan gani. Amma ta soke dokar San Diego, domin ta bar wa ɗan kasuwa damar tallata hajarsa a harabarsa, ta hana shi sanya saƙon da ba na kasuwanci ba a wuri guda. An fifita tallan kaya a kan maganar siyasa ke nan, alhali kundin ya fi ba maganar siyasa kariya.

Shari'ar da ta shafi ɗan takara kai tsaye ta zo bayan shekara uku. A 1979 Roland Vincent ya nemi kujerar majalisar birnin Los Angeles. Magoya bayansa suka buga allunan kwali masu inci 15 a 44, suka rataya su a wayoyin da ke tokare turakun lantarki. Dokar birnin ta hana liƙa ko rataya komai a kadarar gwamnati, ma'aikata suka bi suna cirewa. Rahoton mako guda na watan Maris na shekarar ya nuna an cire alluna 1,207, guda 48 ne kawai na Vincent. Wannan adadi shi ne ya ceci birnin: ya nuna ba Vincent ake farauta ba, duk abin da aka tarar kwashewa ake yi.

A 1984 alƙalai shida cikin tara suka ba birnin gaskiya. Mai Shari'a John Paul Stevens, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce falwaya ba dandalin taro ba ce, kuma ɗan takara yana da sauran hanyoyi: ya raba takardu hannu da hannu, ya yi jawabi, ya kafa allo a filin wanda ya yarje masa. Lauyoyin magoya bayan Vincent sun nemi a keɓe allon siyasa daga hanin. Kotu ta ƙi, ta ce yin haka zai iya jefa birnin cikin laifin bambanta magana da magana. Ina so a riƙe wannan, domin ana yawan mantawa da shi: ƙa'idar da ta hana a ƙuntata wa allon siyasa ita ce kuma ta hana a yi masa gata.

3.0 Tagar gidan Margaret Gilleo

Ladue ƙaramin gari ne na masu hali a gefen birnin St. Louis a jihar Missouri, mutanensa ba su kai 9,000 ba a lokacin. A watan Disamba na 1990, ana shirin yaƙi da Iraƙi, wata mazauniyar garin, Margaret Gilleo, ta kafa allo mai inci 24 a 36 a gaban gidanta tana kiran a guji yaƙi a yankin Tekun Fasha. Allon ya ɓace. Ta kafa wani, aka ture shi. Da ta kai kuka wurin 'yan sanda, sai aka shaida mata cewa ai ita ce ta karya doka. Ta nemi majalisar gari ta ɗaga mata ƙafa, aka ƙi, ta tafi kotu. Daga baya ta liƙa 'yar takarda mai inci 8.5 a 11 a tagar benenta da kalmomin neman zaman lafiya. Garin ya sake rubuta dokarsa, sabuwar ma ta haramta wannan takardar, alhali ta halatta allon sayar da gida da na gargaɗin haɗari da mai nuna sunan maigida.

A 1994 alƙalan Kotun Ƙoli tara gaba ɗaya suka soke dokar. Stevens ne ya sake rubutawa, mutumin da ya ba Los Angeles gaskiya shekara goma kafin nan, kuma babu tufka da warwara a tsakanin hukuncin biyu. Can kadarar jama'a ce, nan gidan mutum ne. Ya kafa dalilai uku da har yau ake komawa gare su. Allon ƙofar gida yana da arha, don haka marar ƙarfi da wanda ba ya iya yawo ba su da madadinsa. Yana kuma nuna wanda yake maganar: kiran zaman lafiya a ƙofar tsohon janar na soja ba ɗaya yake da irinsa a tagar ɗakin yaro ɗan shekara goma ba. Sannan maƙwabta yake yi wa magana, mutanen da tallan jarida ba zai kai musu saƙon da irin wannan nauyi ba.

Allon Gilleo ba na ɗan takara ba ne, amma hukuncin ya ambaci muhimmancin irin waɗannan alluna a lokacin zaɓe, kuma tun daga ranar babu garin da zai iya hana mutum sanya sunan gwaninsa a ƙofar gidansa baki ɗaya.

4.0 Shari'ar Gilbert

Hani baki ɗaya ya faɗi, sai garuruwa suka koma ga rabe-rabe. A nan ne shari'ar da ta fi kowace tasiri ta taso, kuma wanda ya kai ƙarar ba ɗan siyasa ba ne.

Gilbert gari ne kusa da birnin Phoenix a jihar Arizona. Dokarsa ta hana kafa allo a waje sai da izini, sannan ta keɓe nau'i 23 daga neman izinin, kowane nau'i da sharuɗɗansa. Uku daga ciki su ne suka zo gaban kotu. Allon da ke bayyana ra'ayi ko aƙida zai iya kai murabba'in ƙafa 20, ya zauna ba iyakar lokaci. Allon siyasa, wato wanda aka yi don ya rinjayi sakamakon zaɓe, murabba'in ƙafa 16 ne a gidajen kwana, 32 a sauran wurare, a kafa shi kwana 60 kafin zaɓen fidda gwani, a cire shi kwana 15 bayan babban zaɓe. Allon wucin gadi mai nuna hanyar zuwa wani taro kuwa, murabba'in ƙafa 6 ne kacal, ba a kafa shi sai saura awa 12 a fara taron, a kuma cire shi awa 1 bayan an tashi.

Fasto Clyde Reed yana jagorantar wata ƙaramar coci da ba ta da ginin kanta, tana aron makarantun firamare da wasu wurare don ibadar Lahadi. Tun da wurin yana sauyawa, mabiyansa sukan soke alluna 15 zuwa 20 a bakin titi ranar Asabar da safe, su kwashe su Lahadi da rana. A bin dokar, idan ibada ƙarfe 9 na safe ce, ba za a kafa allo ba sai ƙarfe 9 na daren Asabar, lokacin da duhu ya rufe shi. Jami'in garin ya rubuta musu takardar laifi sau biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan garin, bisa hujjar cewa babu alamar ƙiyayya ga cocin ko ga saƙonta.

Ranar 18 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, babu alƙali ko ɗaya da ya tsaya wa garin. Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, kuma ma'auninsa mai sauƙin fahimta ne. A fara duba rubutun dokar kanta. Idan tana bambanta alluna bisa batun da suke magana a kai, to doka ce mai shiga cikin saƙo, kuma za a yi mata awo mafi tsanani: sai hukuma ta nuna wata buƙata ta tilas, ta kuma nuna cewa babu hanya mafi sauƙi ta biyan wannan buƙata. Da wuya doka ta tsallake wannan awo.

Mu ɗauki katako guda, girmansa ɗaya, a kusurwar titi ɗaya. A rubuta masa "a rage haraji", zai zauna shekara da shekaru. A goge a rubuta "ku zaɓi wane, zai rage haraji", kwanakinsa sun zama ƙidayayyu. A sake gogewa a rubuta "taron masu neman a rage haraji yana makarantar gaba", ya rage saura awa 12, kuma sai an yanke fiye da rabinsa. Katakon bai sauya ba, haɗarin da yake jawo wa direba bai ƙaru ba, muninsa a ido bai ragu ba. Kalmomin ne kawai suka sauya. Da wannan ne hujjar garin ta rushe, domin ya kasa nuna yadda ƙaramin allon coci ya fi babban allon aƙida ɓata gari ko ruɗa masu tuƙi.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne amsar da Thomas ya ba masu cewa garin ba shi da mugun nufi. Ya ce kyakkyawar niyyar wanda ya rubuta doka ba ta wanke dokar, domin marubucin zai tafi, dokar ta zauna, wata rana ta faɗa hannun jami'in da ya tsani wata ƙungiya. Duk wanda ya zauna a ƙasar da mulki yake sauya hannu ya san gaskiyar wannan magana.

Akwai abin lura a nan. A dokar Gilbert allon siyasa ya fi na coci gata nesa ba kusa ba. Duk da haka hukuncin ya fi girgiza dokokin allunan siyasa a faɗin ƙasar, domin ya nuna cewa kasancewar babi mai suna "allunan siyasa" a cikin dokar gari ita kanta abin tuhuma ce.

Ba duk alƙalan ne suka gamsu da faɗin ma'aunin ba. Mai Shari'a Elena Kagan, tare da Ruth Bader Ginsburg da Stephen Breyer, ta yarda dokar Gilbert ba ta da madafa, amma ta ce ma'aunin Thomas zai rutsa da dokoki masu yawa marasa laifi, irin waɗanda suka sauƙaƙa wa allon gargaɗin mashigar makafi ko na wurin tarihi. Ta yi gargaɗin cewa kotun za ta iya wayar gari ta zama babbar hukumar tantance alluna ta ƙasa. Damuwarta tana da tushe, kuma ban ga laifin garin da ya ba allon gargaɗin haɗari sassauci ba. Sai dai a kan allon zaɓe, inda mai rubuta doka yake da hannu dumu-dumu a sakamakon, ina tare da Thomas ba tare da wani jinkiri ba.

5.0 Kwana nawa, allo nawa

Dokar da garuruwa suka fi so ita ce ta ƙidayar kwanaki, kuma ƙananan kotuna sun fara rushe ta tun kafin Gilbert. A 1993 kotun ƙolin jihar Washington ta soke sharaɗin birnin Tacoma na kwana 60 kafin zaɓe. A 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke na garin Gladstone a Missouri, wanda ya ba allon siyasa kwana 30 kafin zaɓe da kwana 7 bayansa, alhali wasu allunan kasuwanci ba su da irin wannan wa'adi. A 1993 ɗin dai, wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar gundumar Arlington a Virginia da ta taƙaita wa kowane gida alluna biyu. Gidan da miji da mata suka saɓa a ra'ayi, ga kujeru fiye da biyu a takardar ƙuri'a, alluna biyu ba za su ishe shi ba.

Wa'adin kwana 30 yana da kyau a takarda. Amma mai ci ya yi shekara huɗu sunansa yana fita a jarida, sai a ce wa mai ƙalubalantarsa ya sanar da gari sunansa cikin wata guda. A jihohin da ake fara jefa ƙuri'a makonni kafin ranar zaɓe, wa'adin ma ƙara tsukewa yake yi.

To me ya rage wa gari? Mai Shari'a Samuel Alito ya lissafa a nasa ra'ayin a shari'ar Gilbert: girman allo, wurin kafa shi, mai fitila da marar fitila, mai rubutu tsayayye da na lantarki mai sauyawa, kadarar gwamnati da ta mutum, unguwar kwana da ta kasuwanci, yawan alluna a kowane mil na titi. Ya ƙara da wa'adi ga allon taron da ake yi sau ɗaya, Kagan kuwa ta nuna cewa wannan na ƙarshe ya ci karo da hukuncin kansa. Shi ya sa lauyoyin garuruwa masu taka-tsantsan ba sa jingina wa'adin allon zaɓe da shi. Abin da da yawa suka yi shi ne goge babin siyasa gaba ɗaya, su maye shi da babin allunan wucin gadi, waɗanda ake gane su da irin kayan da aka yi su da shi da kuma girmansu. Wasu sun ƙara sharaɗin cewa duk inda aka halatta allon kasuwanci, mai shi zai iya musanya rubutun da saƙon da ba na kasuwanci ba.

A 2022 kotun ta ɗan ja linzami. Birnin Austin a Texas ya bar mai shago ya mayar da allon harabarsa na lantarki, ya hana masu manyan allunan da ke tallata abin da yake wani wuri yin haka. Kamfanonin talla suka ce ai sai jami'i ya karanta allo kafin ya san rukuninsa, don haka hukuncin Gilbert ya haramta wannan bambanci. Masu rinjaye, Sonia Sotomayor na rubutawa, suka ce karantawa don gane wuri dabam take da karantawa don gane batu. Thomas yana cikin ukun da suka saɓa. Hukuncin bai taɓa kariyar allon siyasa ba.

Wuri guda ne kotu ta amince a ware siyasa da sunanta: bakin rumfar zaɓe. A 1992 ta tabbatar da dokar jihar Tennessee da ta hana kamfe da nuna alluna cikin ƙafa 100 daga ƙofar rumfa, saboda dogon tarihin tsoratar da masu zaɓe da sayen ƙuri'a. Ko a nan ma, a 2018 ta soke dokar Minnesota da ta hana sanya tufafi masu saƙon siyasa a cikin rumfa, domin ba ta fayyace abin da take nufi da siyasa ba, ta bar wa jami'in rumfa ya yanke da son ransa.

Akwai kuma inda kundin tarayya bai kai ba. Miliyoyin Amurkawa suna zaune a rukunin gidajen da ƙungiyar masu gidaje take gudanarwa, ita kuwa ba gwamnati ba ce. Jihohi ne suke cike giɓin. Texas ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi haramta allon siyasa daga kwana 90 kafin zaɓe zuwa kwana 10 bayansa, kotun ƙolin New Jersey kuma a 2012 ta soke irin wannan hani bisa kundin jihar.

6.0 Abin da ya shafe mu

Hukuncin kotun Amurka ba ya ɗaure kotun Nijeriya, kuma kundinmu ya sha bamban. Sashe na 39 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi da dokar da za a iya kare ta a al'ummar dimokuraɗiyya. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta buɗe kamfe kwana 150 kafin ranar zaɓe, ta rufe shi saura awa 24, ta kuma hana neman ƙuri'a cikin mita 300 daga rumfa. Wannan wa'adi na ƙasa ne, Majalisar Tarayya ce ta yanke shi, ya hau kan kowace jam'iyya daidai wa daida. Ba shi nake ƙalubalanta ba.

Inda tambayar Gilbert ta same mu shi ne a jihohi. Jadawali na Huɗu na kundin 1999 ya sanya kula da tallace-tallacen waje da allunan talla cikin ayyukan ƙananan hukumomi 774. A aikace, jihohi ne suka karɓe aikin ta hanyar hukumomin alluna, Legas ta buɗe hanya da hukumar LASAA a 2006, wasu suka bi sahu. A 2022 hukumar alluna ta jihar Anambra ta yanka wa ɗan takarar shugaban ƙasa naira miliyan 10 kafin ya liƙa fosta, na sanata miliyan 7, na majalisar wakilai miliyan 5, na majalisar jiha miliyan 1. Da zaɓen gwamna na 2025 ya zo, kuɗin ya kai miliyan 50 ga kowane ɗan takara, wato kashi 5 cikin 100 na naira biliyan 1 da dokar 2022 ta ƙayyade masa ya kashe a kamfe gaba ɗaya.

A duba yadda aka yanka kuɗin. Ba da girman fosta aka auna ba, ba da yawanta ba, ba da tsadar kankare ta daga bango ba. Da kujerar da mutum yake nema aka auna. Fostar mai neman sanata ba ta fi ta mai neman majalisar jiha ɓata bango sau bakwai ba. Babbar jam'iyya za ta biya ba tare da ta ji a jikinta ba, ƙaramar jam'iyya kuwa an rufe mata baki tun kafin a fara. Kuma shugaban hukumar da ke karɓar kuɗin gwamna ne ya naɗa shi, gwamnan da sau da yawa shi ma yana cikin takarar. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana amfani da kayan aikin gwamnati don fifita ko danne wani ɗan takara. A fahimtata, hukumar alluna tana cikin waɗannan kayan aiki.

Ba ina kare ɓarnar da muke gani ba ne. Duk wanda ya ratsa biranenmu na Arewa a kakar zaɓe ya ga yadda ake lulluɓe gadar sama da shataletale da katangar makaranta, har da alamun hanya da direba yake dogara da su. Ana liƙa fosta a kan fosta cikin dare, yage ta kuma yakan jawo faɗa tsakanin matasa har a zubar da jini. Hukuma tana da cikakken haƙƙin hana wannan, kamar yadda Los Angeles ta yi, da sharaɗi ɗaya: motar da ta fito kankare fostoci ta kankare ta jam'iyya mai mulki a rana guda da ta 'yan adawa, tare da ta mai maganin gargajiya da ta mai shirya wasa.

Darasin Ladue ma yana da fuska ta biyu a wurinmu. Can an hana mai gida ta sanya abin da take so a tagarta. Nan maigida yakan wayi gari ya tarar an shafe katangarsa da hoton wanda bai taɓa goyon baya ba, babu wanda ya nemi izninsa, kuma yana tsoron yagewa kada a ce ya yi wa wani ɗan takara rashin kunya. Haƙƙi ɗaya ne aka taka a wuraren biyu. Bangon gida bakin maigida ne a unguwa, shi yake da ikon magana da shi, shi yake da ikon yin shiru.

Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Nijeriya na 11 ga Yuli, 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, tambayar wa yake da ikon alluna za ta sake tasowa. Mayar da ikon ga shugaban ƙaramar hukuma ba zai magance komai ba idan dokar da zai riƙa ta ci gaba da ware allon siyasa, domin shi ma yana da jam'iyya.

Roƙona ga 'yan majalisun jihohi da kansilolin da ke cikin wannan zaure shi ne su cire babin siyasa daga dokokin alluna, su yanka kuɗi bisa girma da wuri da tsawon kwanaki, farashi ɗaya ga ɗan takara da mai sayar da taliya, a wallafa shi kafin a buɗe kamfe, kuma kada a karɓi ko kwabo a kan abin da mutum ya sanya a bangon gidansa da yardarsa. Ga 'yan'uwana lauyoyi kuma, musamman masu ba ƙananan jam'iyyu shawara, ku kai waɗannan kuɗaɗe gaban kotu bisa sashe na 39 na kundin tsarin mulki, ku bi shari'ar har Kotun Ƙoli tun zaɓe yana nesa.